Kwana Huɗu a Tokyo: Biza, Jirgin Ƙasa da Sabbin Dokokin da Suka Sauya Lissafin Baƙo

A watan Agustan 2025 wani labari ya karaɗe kafafen sada zumunta a Najeriya, wai Japan ta ware wa 'yan Najeriya gari guda mai suna Kisarazu, har za ta buɗe musu biza ta musamman. Tushen maganar shi ne taron TICAD karo na tara da Japan ta yi da ƙasashen Afirka a birnin Yokohama. A wurin ne hukumar raya ƙasashe ta Japan, JICA, ta haɗa garuruwa huɗu da ƙasashe huɗu domin zumunci da musayar al'adu: Kisarazu da Najeriya, Sanjo da Ghana, Nagai da Tanzaniya, Imabari da Mozambik. Wata sanarwa daga fadar shugaban Najeriya ta ambaci biza ta musamman, ma'aikatar harkokin wajen Japan ta fito ta ce babu wannan magana. A can kuma mazauna suka yi ta buga waya ofisoshin garuruwan suna ƙorafi, har JICA ta janye shirin baki ɗaya ranar 25 ga Satumba.

Ƙurar ta lafa, amma ta bar mutane da tambaya: to yanzu wanda yake son ya leƙa Japan na 'yan kwanaki, ko don taro, ko baje koli, ko ziyarar ɗansa da ke karatu, ya ƙara kwana uku ko huɗu ya ga Tokyo, ta ina zai fara? Ƙofar shiga tana nan yadda take tun da. Abin da ke bayan ƙofar ne ya sauya. Daga 2023 zuwa yau Japan ta taɓa kuɗin tikitin jirgin ƙasa na baƙi, ta taɓa harajin kwana a otal, ta taɓa tsarin sayayya ba haraji, ta kuma sa iyaka a wasu wuraren da a da ake shiga yadda aka ga dama. Shawarwari da yawa da ke yawo a intanet an rubuta su ne kafin wannan sauyi.

## Kalmomi biyu: gajeriyar ziyara, da Tokyo ɗin kanta

A dokar shige da ficen Japan, gajeriyar ziyara izini ne na zama kwana 15, ko 30, ko 90, domin yawon buɗe ido, ziyarar dangi, taro ko tattaunawar kasuwanci. Ba a yarda mai wannan izini ya yi aikin da za a biya shi ba, ko na yini ɗaya ne. Duk dillalin da ya ce wa mutum ya shiga da bizar yawo, in ya isa can sai a juya ta zuwa ta aiki, ya ɗora shi a kan hanyar da ke ƙarewa a tsare da kora.

Tokyo kuwa ba gari ba ne mai tsakiya guda kamar yadda tsohon birnin Kano ya kewaye fada da masallaci da kasuwar Kurmi. Gundumomi 23 ne na musamman suka haɗu suka yi ƙwaryarta. Mutanen da ke ƙarƙashin gwamnatin Tokyo sun kai miliyan 14, in aka haɗa da garuruwan da suka manne da ita ana maganar kusan miliyan 37. Shinjuku, Shibuya, Ueno, Ginza, Asakusa, kowanne gari ne mai zaman kansa da ya girma a kewayen tashar jirgi. Sunan birnin na da Edo. Shugaban mayaƙa Tokugawa Ieyasu ya kafa mulkinsa a can a 1603, aka sauya sunan zuwa Tokyo a 1868. Girgizar ƙasar 1923 da ruwan bama-baman 1945 sun ƙone yawancin tsofaffin gine-gine, shi ya sa mai neman tsohuwar Japan ta katako da lunguna ba zai same ta da yawa a nan ba. Wannan ne ke jan mutane zuwa Kyoto, kuma za mu zo kan ko hakan ya dace da mai kwana huɗu.

## Yadda aka tashi daga neman baƙi zuwa taƙaita su

A 2003, lokacin da gwamnatin firaminista Koizumi ta ƙaddamar da gangamin jawo masu yawon buɗe ido, baƙin da ke zuwa Japan a shekara ba su wuce miliyan biyar da 'yan kai ba. A 2013 aka haye miliyan 10. A 2019 aka kai miliyan 31.9. Annobar korona ta rufe ƙasar, ba a sake buɗe wa mai tafiya shi kaɗai ba sai a watan Oktoban 2022. Daga nan sai ambaliya: miliyan 36.9 a 2024, fiye da miliyan 42 a 2025. Burin gwamnati shi ne miliyan 60 a 2030.

Babban abin da ya ingiza wannan shi ne faɗuwar darajar yen. A watan Yulin 2024 dala ɗaya ta haura yen 160, abin da ba a gani ba tun 1986. Ga mai riƙe da dala ko yuro, Japan ta zama ƙasa mai araha. Ga mai samun kuɗinsa da naira lissafin daban yake, domin ita ma naira ta faɗi ƙwarai a daidai wannan lokaci, sai arahar ta tsaya a kan takarda.

Matsalar ba yawan baƙin kaɗai ba ce, wurin da suke taruwa ne. Mafi yawansu layi ɗaya suke bi: Tokyo, Dutsen Fuji, Kyoto, Osaka. Sai hukumomi suka fara ɗaukar mataki ɗaya bayan ɗaya. A Afrilun 2024 unguwar Gion ta Kyoto ta hana baƙi shiga wasu lungunan da mallakar mazauna ne. A Mayun shekarar garin Fujikawaguchiko ya kafa baƙin labule a bakin titi don hana cincirindon masu ɗaukar hoton Fuji daga gaban wani kanti. A Yuli aka sa kuɗin hawa da iyakar mutum 4,000 a yini a hanyar Yoshida ta hawan dutsen, a 2025 kuma kuɗin ya koma yen 4,000 a dukan hanyoyin. Gundumar Shibuya ta hana shan giya a titi da dare duk shekara daga Oktoban 2024.

Ra'ayi ya rabu a cikin Japan ɗin kanta. Gwamnati da masu otal da manyan kantuna suna nuni da kuɗin da baƙi suka kashe, wanda ya haura yen tiriliyan takwas a 2024, a ƙasar da al'ummarta ke raguwa suna tsufa. Mazauna unguwannin da abin ya shafa suna cewa motar bas ɗin da tsohuwa za ta hau zuwa asibiti ta cika da akwatunan baƙi, kuɗin otal kuma ya fi ƙarfin ɗan ƙasa da aiki ya kai shi wani gari. Akwai kuma ɓangaren siyasa: jam'iyyar Sanseito, mai taken fifita Japanawa, ta ci kujeru 14 a zaɓen majalisar dattawa na Yulin 2025, wata guda kafin rikicin Kisarazu. Wanda ya san wannan zai gane dalilin da ya sa kalmar biza guda ɗaya ta tayar da ƙura haka. Mafitar da hukumomi suka zaɓa ita ce tsaka-tsaki: a ci gaba da karɓar baƙi, amma a ƙara musu kuɗi, a kuma tilasta musu yin tanadi tun kafin su zo.

## Biza: takardar da ke tilasta tsari

Japan ta ɗauke wa ƙasashe sama da 70 neman biza don gajeriyar ziyara. A Afirka, Tunisiya da Moriishas da Lesotho suna ciki, amma babu Najeriya, babu Nijar, babu Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan. Ofishin jakadancin Japan da ke Abuja ne ke yanke hukunci a kan takardun mazauna Najeriya. Nijar tana ƙarƙashin ofishin Abidjan, Chadi kuma tana ƙarƙashin na Yawunde. Akwai tsarin neman biza ta intanet, sai dai an taƙaita shi ga mazauna wasu ƙasashe, cikinsu har da Saudiyya, Birtaniya, Amurka, Kanada da Afirka ta Kudu. Inda mutum yake zaune ake dubawa, don haka Bahaushen da ke Jidda da iƙamarsa yana da hanyar da ɗan'uwansa na Katsina ba shi da ita.

Cikin takardun da ake nema akwai wadda mutane suka fi rainawa, kuma ita ce zuciyar wannan sharhi: jadawalin zama. Fom ne da za a rubuta kowace rana, abin da za a yi a cikinta, inda za a kwana, da lambar wayar wurin. Ba'amurke zai iya sauka a Tokyo ba tare da ya san inda zai nufa gobe ba. Ɗan Najeriya dole ya tsara tafiyarsa kafin ma a ba shi izinin yin ta. Jadawalin da ya ce za a ga Tokyo da Kyoto da Hiroshima da Sapporo a kwana huɗu yana nuna wa jami'i cewa mai shi bai san ƙasar ba, ko kuma ba yawon ne gabansa ba. Sai a haɗa da bayanan asusun banki da za su iya ɗaukar nauyin abin da aka rubuta, da shaidar aiki ko kasuwanci, da tanadin jirgi. Wanda wani zai gayyata, sai mai gayyatar ya aiko da tasa takardar gayyata da ta lamuni.

Abubuwa biyu ya kamata a sani tun farko. Bizar shiga sau ɗaya tana aiki ne cikin wata uku daga ranar da aka buga ta, don haka nema da wuri ƙwarai ba shi da amfani. Idan kuma aka ƙi mutum, ba a faɗa masa dalili, kuma ba a karɓar sabuwar buƙatarsa a kan manufa ɗaya sai bayan wata shida. Kuɗin bizar ya daɗe a kan abin da ya yi daidai da yen 3,000 tun 1978, amma a ƙarshen 2025 gwamnati ta bayyana shirin ɗaga shi sosai, tare da ɗaga harajin fita daga ƙasa, wanda aka fara sa shi yen 1,000 a cikin kuɗin tikiti a 2019, zuwa yen 3,000.

## Hanya, agogo, da abin da ke cikin akwati

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya ko Nijar zuwa Japan. Ana bi ta Addis Ababa, Alƙahira, Doha, Dubai ko Istanbul, kuma tafiyar takan ci sa'o'i 20 ko fiye. Japan tana gaban Kano da Yamai da sa'o'i takwas. Ƙarfe 11 na dare a Tokyo ƙarfe uku ne na rana a jikin matafiyi, barci ba zai zo ba. Ƙarfe bakwai na safe kuma 11 ne na dare a jikinsa. Wanda ya ce yana da kwana huɗu, a gaskiya uku da rabi gare shi, kuma safiyar farko ba ta manyan abubuwa ba ce.

Filayen jirgi biyu ne. Haneda tana kusa, minti 20 zuwa 30 a jirgin ƙasa ka shiga gari. Narita tana jihar Chiba, kimanin kilomita 60 daga tsakiyar birni. Jirgin ƙasa na Skyliner yana kai mutum Ueno cikin minti 41, Narita Express kuma yana kai wa tashar Tokyo cikin kusan sa'a guda. Tasi daga Narita yana iya cinye kuɗin kwanan otal. A wurin shiga ana ɗaukar hoton yatsu da na fuska, kuma wanda ya cike bayanansa a shafin Visit Japan Web tun daga gida zai nuna lambar da aka ba shi a waya maimakon cike katuna. Doka ta wajabta wa baƙo ya riƙe fasfonsa a jikinsa kullum. Kwafi ba ya wadatarwa.

Sai batun guzuri, inda al'adarmu ke karo da dokarsu kai tsaye. Japan ta haramta shigo da nama da duk abin da aka yi da nama daga kusan ko'ina ba tare da takardar hukumar lafiyar dabbobi ba, dafaffe ne ko busasshe. Kilishi da dambun nama da soyayyen naman layya duk suna ciki. Tun 2020 hukuncin ya kai ɗaurin shekara uku ko tarar yen miliyan uku, kuma akwai karnuka masu sansana kaya a wurin ɗaukar akwati. Ɗanyun 'ya'yan itatuwa da kayan lambu su ma haka. Magunguna na da tasu ƙa'idar: maganin da likita ya rubuta ba a wuce na wata ɗaya sai da izinin da aka nema tun kafin tafiya, wasu magungunan mura da na tari da ake saya a kemis a gida kuwa suna ɗauke da sinadaran da Japan ta taƙaita.

## JR Pass: shawarar da ta tsufa

Shekaru da yawa, abu na farko da ake gaya wa mai zuwa Japan shi ne ya sayi JR Pass, tikitin da ke ba baƙo damar hawa jiragen ƙasa na rukunin kamfanonin Japan Railways (JR) iya son ransa na mako guda ko fiye. A da maganar gaskiya ce. Tikitin kwana bakwai yen 29,650 ne, zuwa Kyoto da dawowa a jirgin ƙasa mai tsananin gudu na Shinkansen kuma kimanin yen 28,000, sai ya zama tafiya ɗaya ta kusa mayar da kuɗin. Ranar 1 ga Oktoban 2023 farashin ya koma yen 50,000, wato kimanin dala 330 idan aka lissafa dala a kan yen 150. Yanzu ko da mutum ya je Kyoto ya dawo, ya yi asarar fiye da yen 20,000, kuma jirgin Nozomi mafi sauri sai ya ƙara kuɗi a kai. Masu kare tikitin suna da hujja ga mai mako biyu da zai ratsa ƙasar daga Tokyo zuwa Hiroshima ko Kyushu. Ga mai kwana huɗu a birni ɗaya babu lissafin da zai fitar da shi.

Abin da ke rikita baƙo a Tokyo shi ne jiragen ba na kamfani ɗaya ba ne. Tokyo Metro na da layuka tara a ƙarƙashin ƙasa, gwamnatin birni na da huɗu da ake kira Toei, JR na da nasa a sama, cikinsu har da Yamanote mai zagaye birnin ta tashoshi 30 cikin kusan sa'a guda, ga kuma kamfanoni masu zaman kansu irin su Odakyu da Keio. Hanyoyi biyu ne na sauƙaƙa wannan. Ta farko katin Suica ko Pasmo, wanda ake zuba wa kuɗi a taɓa a ƙofa, yana aiki a dukan layukan, a bas, har a kantuna. An dakatar da sayar da shi a 2023 saboda ƙarancin ƙwayoyin lantarki, abin da har yanzu wasu shafuka ke maimaitawa, amma an dawo da sayarwa sosai a Maris 2025. Akwai na baƙi mai suna Welcome Suica, mai aiki kwana 28, sai dai abin da ya rage a ciki ba a mayarwa. Ta biyu tikitin Tokyo Subway Ticket na sa'o'i 24, 48 ko 72, wanda ko na sa'o'i 72 bai kai kashi biyar cikin ɗari na kuɗin JR Pass ba. Yana aiki a layuka 13 na ƙarƙashin ƙasa, amma ba ya aiki a Yamanote. Mai son kwanciyar hankali ya ɗauki kati, mai son rage kuɗi ya ɗauki tikitin ya koyi taswira.

Jirage suna tsayawa da misalin tsakar dare zuwa ƙarfe ɗaya, su dawo wajen biyar na asuba. Tsakanin bakwai da rabi da tara da rabi na safe cunkoso ne da bai dace da mai akwati ko mai yara ba, kodayake layuka da yawa suna ware tarago na mata zalla a wannan lokaci. Tashar Shinjuku, wadda ta fi kowace tasha a duniya yawan fasinja, tana da ƙofofin fita sama da 200. Yawancin titunan birnin ba su da suna, lambar unguwa da ta rukunin gidaje ake bi. Saboda haka intanet a waya ba ƙawa ba ce, kuma lambar ƙofar fita ta fi sunan tashar muhimmanci.

## Gari ɗaya ko biyu?

Masu cewa a haɗa da Kyoto suna da magana mai ƙarfi: wanda ya biya kuɗin jirgi daga Kano, ya sha wahalar biza, wataƙila ba zai sake zuwa ba, kuma tafiyar sa'o'i biyu da kwata ce kawai. Masu cewa a tsaya a Tokyo suna lissafa abin da ba ya fitowa a jadawalin jirgi: haɗa kaya, barin otal da ƙarfe goma, jiran shiga wani da ƙarfe uku, layin bas a Kyoto, da tanadin kujera ta musamman ga duk akwatin da jimillar tsawo da faɗi da kaurinsa ta wuce santimita 160. Kyoto kuma ta ɗaga harajin kwana daga Maris 2026, har zuwa yen 10,000 a dare ga ɗakuna mafi tsada. A kwana shida ko bakwai gari biyu na yiwuwa. A kwana huɗu, taura biyu ba ta taunuwa.

A cikin Tokyo ƙa'idar ita ce a raba birnin gabas da yamma, kowace rana ɓangare guda. A gabas akwai Asakusa da haikalin Senso-ji, mafi tsufa a birnin, wanda tarihinsa ya koma ƙarni na bakwai. Kafin ƙarfe takwas na safe filinsa fayau yake, da hantsi kuwa ba masaka tsinke. A ƙetaren kogin Sumida ga hasumiyar Skytree mai tsawon mita 634. Daga Asakusa tasha uku ce zuwa Ueno a layin Ginza, wanda wannan yankin nasa da aka buɗe a 1927 shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a Asiya. A Ueno akwai babban gidan tarihin ƙasa da kasuwar Ameyoko, tasha biyu gaba kuma Akihabara ta kayan lantarki. A yamma akwai Meiji Jingu, wurin bautar addinin Shinto, da dajinsa na itatuwa kimanin 100,000 da jama'a suka ba da gudummawa aka dasa, sai Harajuku, sai mararrabar Shibuya, sai Shinjuku inda ake hawa benen gwamnatin birni a kalli gari daga mita 202 kyauta. Shibuya Sky, wani wurin kallon gari daga saman bene, kuwa, musamman lokacin faɗuwar rana, tikitinsa yakan ƙare kwanaki kafin ranar.

Ranakun hutu suna ɓata wa mutane tsari fiye da komai. Yawancin gidajen tarihi ba sa buɗewa ranar Litinin. Lambun gabas na fadar sarki yana rufe Litinin da Juma'a. Kasuwar gwanjon kifi ta bar Tsukiji zuwa Toyosu tun Oktoban 2018, abin da ya rage a tsohon wurin shi ne rumfunan abinci, su ma da rana ta yi sun fara tashi.

## Salla da abinci

Abu na farko da zai ba Bahaushe mamaki shi ne alƙibla. Wanda ya tashi yana cewa "ka fuskanci gabas" zai tarar a Tokyo ana fuskantar yamma ne, a ɗan karkata arewa. Akwai ɗakunan salla a Narita da Haneda da tashar Tokyo da wasu manyan kantuna. Babban masallaci shi ne Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara, wanda aka fara ginawa a 1938, aka sake gina shi a salon Turkiyya a 2000, kuma yana da kantin kayan halal. Tasha biyu ce tsakaninsa da Meiji Jingu a layin Chiyoda, don haka wanda Juma'a ta faɗo cikin kwanakinsa sai ya sa ranar yawon yammacin birni a kanta. Akwai ƙananan masallatai a Asakusa, Okachimachi da Otsuka. Tsarki ba matsala ba ne, domin yawancin makewayan suna da ruwan wanki a jikinsu.

Abinci ya fi wuya. Naman alade yana ɓuya a romon taliyar ramen da cikin kitse da wasu kayan zaƙi, kuma ana zuba giyar shinkafa, sake ko mirin, a miya da yawa har da na kifi. Haruffa biyu sun cancanci a haddace su: 豚 alade, 酒 giya. Babu hukumar gwamnati guda mai ba da shaidar halal, ƙungiyoyi ne daban-daban, kuma wurin da ya ce yana maraba da Musulmi ba lalle ne kicin ɗinsa ya rabu da na haram ba. Musulmin da ke zaune a can ma sun sha bamban: wasu suna cin kifi da ganye a ko'ina, wasu suna kauce wa har ruwan waken soya saboda 'yar giyar da ke fita wurin tsima shi. Wannan tambaya ce da ya fi kyau mutum ya kai wa malaminsa kafin ya tashi, haka ma batun shiga harabar wuraren bautar Buddha da Shinto, inda babu mai tilasta wa baƙo yin wata ibada. A aikace, Asakusa da Ueno a gabas, da Shin-Okubo a yamma, sun fi yawan gidajen abincin halal, kuma na biyun farko kaɗai dalili ne na kama otal a gabashin birni, ga shi Skyliner na sauke mutum a Ueno.

## Wata, kuɗi da sayayya

Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu lokacin furen sakura ne, otal na tsada. Daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu Japanawa da kansu suna hutu, komai a cike. Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce. Yuli da Agusta zafi kan haura maki 35, kuma ɗan Sakkwato kada ya raina shi, domin zafi ne mai gumi da ba ya bushewa, ga tafiyar ƙafa yini guda. Agusta da Satumba guguwa kan soke jirage. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba ya fi sauƙi.

Ba a canjin naira ko sefa a Tokyo, sai a riƙo dala ko yuro. Na'urorin cire kuɗi na kantunan 7-Eleven da na gidan waya suna karɓar katunan waje, amma bankunan Najeriya sun sha dakatar da katin naira a ƙetare ko sa masa iyaka, don haka a tambayi banki kafin a dogara da shi. Otal da yawa suna lissafi ne da kan mutum, ba da ɗaki ba, kuma ɗakunan ƙanana ne. Harajin kwana na Tokyo kaɗan ne, yen 100 ko 200 a dare tun 2002, kodayake gwamnatin birnin ta bayyana shirin mayar da shi kashi uku cikin ɗari na kuɗin ɗaki. Ba a ba ma'aikaci tukuici. Inshorar lafiya ta tafiya kuwa ta zama dole a hankalce, domin baƙo shi ke biyan kuɗin asibiti gaba ɗaya. Mai sayen kayan lantarki a Akihabara ya tuna wutar Japan bolt 100 ce, tamu 230, sai ya nemi samfurin da aka yi don ƙetare.

Sauyin da zai fi taɓa aljihun mai tsaraba shi ne na harajin saye, wanda yake kashi goma cikin ɗari. A tsohon tsari, baƙo ya nuna fasfo a kanti, in sayayyarsa ta kai yen 5,000 a cire masa harajin nan take. Hukumomi sun gano wasu suna sayen kaya masu yawa a haka su sayar a cikin ƙasar. Wasu 'yan majalisa sun nemi a soke rangwamen baki ɗaya, masu kantuna suka ƙi, aka tsaya a kan sabon tsari daga 1 ga Nuwamban 2026: a biya cikakken kuɗi a kanti, a nuna fasfo a filin jirgi cikin kwana 90, kwastan su tabbatar kayan na fita, sannan a mayar da harajin. Ma'anarsa ga matafiyi ita ce kashi goma na kuɗin tsarabarsa zai kwanta a hannun wasu har sai ya tashi, kuma kayan dole su kasance inda za a iya nuna su kafin a miƙa akwati a awo. Mai tashi daga Narita, in ya haɗa sa'a guda ta hanya da wannan sabon layi, kada ya rubuta wani wurin yawo a jadawalin ranarsa ta ƙarshe bayan azahar.